Dakwarar Gonar Aro

Zafin Jidda a wannan watan ba irin namu ba ne. Na gida ƙona ka yake yi ya bar ka a bushe, na nan kuwa dafa ka yake yi. Tun da hantsi rigar aiki ta manne maka a baya, iskar da ke tasowa daga teku ta zo da ɗumi da danshi, ka sha ruwa ka ji kamar ba ka sha ba. Aikina ban ruwan itatuwan tsakiyar titi ne. Ina bin motar ruwa, wadda a nan ake ce wa wayit, ina jan tiyo daga gindin wannan itace zuwa na gaba, daga Bagdadiyya har inda aka ce mu tsaya. Shekarun da na yi a kan wannan aiki sun isa a haifi yaro ya yi gemu.

A bana kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya kira ni ya gaya mini gaskiya, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce shekaru sun ja, ba za a sake sabunta mini iƙama ba, takardar zamana ke nan, in ta ƙare sai gida. Na ce to. Da na koma ɗakinmu a Kurayyat na zauna na tambayi kaina, gida ina? Ɗaki dai akwai can ƙauye, matata Rabi tana cikinsa. Amma tsoho a ƙauye ba shi da gona, ai baƙo ne da ya san sunan kowa. Shi ya sa na aika wa ƙanena Haruna saƙo, na ce ya je gidan marigayi Nomau ya roƙa mini jikokinsa gonar da muka taɓa nomawa. In sayarwa za su yi, ga ɗan abin da na tara. In aro ne ma na yarda, ko da gefe guda ne. Tun daga ranar ba ni da aiki sai duba waya.

Jiya da safe aka sauke mana dashe a wani sabon shataletale, ƙananan itatuwa kowanne cikin baƙar ledarsa. Na sunkuya na ɗauki ɗaya. Ledar ta sha rana, ƙasar cikinta da laima, sai wani wari ya daki hancina, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da zafin roba. Na tsaya cik da ita a hannu. Yasir direban wayit ya leƙo ta taga. Haifaffen unguwar Bani Malik ne a nan Jidda, kakanninsa ne suka zo hajji suka zauna, Hausar tasa rabi da rabi ce.

"Ya ammi, esh fik? Ka tsaya kamar ka ga aljani. Yalla, rana tana yi."

Na ce masa babu komai. Ta ina zan faro masa?

Garinmu yana arewa da Maradi, can inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara. Shekarar da nake magana a kai, daminar da ta gabace ta ta yi mana wulaƙanci. Gero ya taso gwanin kyau, yana fara ɗaukar ciki ruwa ya ɗauke, muna kallo ya bushe a tsaye. Abin da muka girbe bai rufe gindin rumbu ba. A gidan mu huɗu ne: Baba, ni, Rabi da jaririyarmu Zulai. Inna ta riga ta rasu, Haruna kuwa ya yi kudu cirani tun kafin a gama girbi.

Yunwa ba ta shigowa gaba ɗaya, sannu take bi. Da farko aka daina tuwon dare, sai fura. Daga nan furar ta zama ruwa mai ƙanshin gero. Sai aka koma dusa. Awaki suka bi hanyar kasuwa ɗaya bayan ɗaya, a farashin da ko kaza ba a sayarwa a shekarar arziki, jakin ma ya bi su. Da bazara ta shigo, daji muka koma. Rabi takan fita da sassafe ta tsinko ganyen jiga, ta tara 'ya'yan anza ta jiƙa, ta yi ta sauya musu ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya ragu a iya haɗiyewa. Ka ci, cikinka ya cika, amma in ka miƙe tsaye sai ka ga duhu. Abin da ya fi tsorata ni a lokacin ba ramar mutane ba ce, shirun turmi ne. Gari guda a wayi gari ba ka jin daka ko a gida ɗaya, sai kukan kurciya.

Gonar da muke nomawa ba tamu ba ce. Kakana baƙo ne, ya zo garin da jaki ɗaya da mace ɗaya, mahaifin Nomau ya nuna masa wani fili yamma da gari ya ce ya ci. Tun daga nan muke nomanta, kaka da uba da ɗa. Ba haya ba ce, ba a biyan ko sisi. Sai dai duk kaka, ranar da aka gama ɗauri, Baba zai zaɓi damin da ya fi kyau ya ɗora a kansa, shi da kansa, ya kai ƙofar Nomau. Nomau ya fito ya ce haba Tanko, wace irin wahala ce wannan. Baba ya ce ai na yara ne. Su yi dariya, a shigar da damin. Wannan damin shi ne shaidar mun san mai ƙasa. Kuma akwai abu biyu da ko yaro ya sani a garinmu: a gonar aro ba a gina rijiya, ba a dasa itace. Wanda ya tsiro da kansa na Allah ne. Wanda ka sa da hannunka kuwa, ka ce ƙasar taka ce ke nan, ko ba ka buɗe baki ba.

Baba da Nomau ba su taɓa samun dalilin tuna wannan doka ba. Tare aka yi musu kaciya, tabarma ɗaya suke zama a ƙofar masallaci. Nomau yana ce wa Baba dogon banza, Baba yana ce masa gajere sarkin rigima. Ni kaina har na girma na ɗauka ƙanin ubana ne.

Ana cikin wannan hali wata farar mota ta zo, aka yi shela kowa ya hallara ƙofar maigari. Wani jami'in gandun daji ne cikin koren kaki, saurayi, ɗan birni. Ya ce gwamnati ta ga hamada tana cin ƙasarmu, ta sa yankinmu cikin wuraren da za a tallafa wa. An kawo furoje. Duk magidancin da ya gina ramuka masu siffar rabin wata a gonarsa don su tare ruwa, ya dasa dakwara, itacen ƙaro, a cikinsu, za a riƙa auna masa dawa da mai. Kuma muddin itatuwan suna raye, awo ba zai tsaya ba. Wurin ya ɗauki hayaniya, wasu har da kabbara. Sai wani tsoho daga baya ya ɗaga murya.

"Ranka shi daɗe, mu da ke noman aro fa?"

Saurayin ya yi murmushi. Na rantse da kyakkyawar niyya ya faɗa, so yake ya kwantar wa tsohon da hankali.

"Baba, gwamnati ba ta san aro ba. Wanda muka tarar yana noman gona, shi ne mai gona a wurinmu."

Na juya na dubi Nomau. Carbi yake ja, sai na ga yatsunsa sun tsaya.

Baba ya ce ba da shi ba. Ya ce gara mu ci anza har ta fito mana ta hanci. Masu gonar kansu suka shiga aiki, ba a jima ba aka fara awo. Daga nan zaman gidanmu ya zama azaba, don iska takan kwaso mana ƙanshin mai daga maƙwabta. Nonon Rabi ya ƙafe. Gashin Zulai ya yi ja, ya yi laushi, kukanta ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa.

Wata rana bayan la'asar Baba ya ce in raka shi gidan Nomau. Muka tarar da shi a zaure. Aka gaisa, aka yi tambayar gida da ta zafi, sannan Baba ya gyara zama.

"Nomau, na zo da magana mai nauyi."

"Na san ta, Tanko. Da ka baro ta gida."

Baba ya ce to a sa gonar da sunan Nomau, mu mu yi aikin, in an auna ya ba mu abin da ya ga dama. Nomau ya ce ai ya riga mu tunanin haka, har ya tambaya. Sun ce gida ɗaya gona ɗaya, shi kuwa ya riga ya shigar da tasa, ga bakuna cike da gida. Ya ƙwala wa matarsa kira, ta kawo tiya biyu ta dawa a ƙwarya, ya tura gaban Baba.

"Ga wannan, ku rage zafi. Amma dashe, a'a. Ni da kai ba mu da komi. Sai dai kai ma ka ji abin da yaron nan ya faɗi gaban kowa. Gobe ba ni ba kai, ɗiyanka su ce ga itatuwan ubanmu, ga gwamnati ta shaida. Mi zan bar wa nawa?"

"Sai in rantse maka, a kira liman."

"Kar ka rantse, Tanko. Itace ya fi rantsuwa daɗewa."

Muka ɗauki ƙwaryar muka yi godiya. Gaskiya Nomau ya faɗa, kuma mu biyun mun sani.

Tiya biyu ba ta da nisa. Muka ja ta iya ja, ta ƙare. Wata safiya na fito na tarar Rabi zaune a ƙofar ɗaki, Zulai a cinyarta, tana ɗiga mata ruwa a baki da yatsa. Yarinyar ba ta kuka. Idonta a buɗe, tana kallon sama, ƙuda ya sauka a gefen bakinta ba ta ko motsa ba. Baba yana zaune a kan turmin da aka kife. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya miƙe ya shiga zaure ya fito da diga.

"Tashi mu tahi."

"Ina, Baba?"

"Gona."

"Maganar Baba Nomau fa?"

"Na ji ta sarai. Gona in ta tahi ana samun wata. Wagga in ta tahi fa?"

Na ɗauki shebur na bi bayansa.

Wanda bai gina fako da bazara ba bai san aiki ba. Gefen gonar nan da ruwa ya wanke ya zama kamar daɓe, ka kai masa diga ta dawo maka har cikin haƙori. Muna fita da an sallame asuba. Baba ya kafa turke ya ja igiya ya zana rabin wata, bakin yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, ni in bi ina sara, shi yana tara ƙasar a bayan ramin. Kafin rana ta take, hannu ya yi kanta ya fashe, bakinka ya yi fari. Mu fake a gindin wata aduwa da ba ta da ganye, mu sha ruwan jiƙon dusa, in rana ta karkata mu koma. Baba yana da shekarun da nake da su yanzu. Sau da yawa nakan ga ya dafa ƙotar diga ya rufe ido, in na yi magana ya ce tunani yake yi.

Dashen kuwa ya zo ne ranar da mota ta ga damar zuwa, ba ranar da sama ta shirya ba. Aka sauke mana su cikin baƙaƙen ledoji, ko alamar hadari babu. Aka ce a dasa yanzu, kuma wanda nasa suka mutu babu awo. Sai ban ruwa da hannu. Rijiyar gari tana da zurfin da in ka saki guga sai ka gaji da jira kafin ka ji ya taɓa ruwa, ga layi, ga jaki babu. Rabi ce ta ɗauki wannan. Tulu a ka, Zulai a baya, daga rijiya zuwa yamma da gari, ta juye ta koma, har rana ta faɗi. Muka daina wanka. Alwala ta koma taimama. Ɗan ruwan da aka wanke ƙwarya da shi ma ba a zubarwa, na dakwara ne. Muka kewaye kowace da ƙaya saboda sauran awakin gari. Baba yakan dube su ya ce, "Kun ga 'yan gata. Mu da muka dasa ku ko wanka ba mu samu ba." Tun daga wannan bazarar wuyan Rabi ya riƙe. Har yau in za ta dubi gefe sai ta juya da jikinta duka, kuma a haka take fita neman itacen girki.

Ranar da aka fara auna mana, jar dawa ce mai warin buhu da magani, da mai a gwangwani. Rabi ta tayar da turmin da aka kife. Da na ji tabarya ta sauka, sai da na fita bayan gida don kada Baba ya ga idona. Aka yi tuwo, aka dama wa mai jego kunu. Bayan 'yan kwanaki nono ya dawo. Wata rana da tsakar rana Zulai ta tsala wani kuka da ya cika gidan, kukan fushi na mai ƙarfi, Rabi ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Sau ɗaya Nomau ya bi ta hanyar gonar. Ya tsaya a bakin iyaka, ya dubi ramukan, ya dubi 'yan itatuwan cikin ƙaya.

"Sannunku da aiki."

"Yauwa, sannu," in ji Baba, bai ɗago ba.

Shi ke nan abin da suka ce wa juna. Daga ranar Nomau ya sauya wurin zama a ƙofar masallaci.

Sai ruwa ya zo. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar dannin gidaje, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Muka fita cikinsa ba mu jira ya tsaya ba. Kowane rami ya cika dam, ruwan da a da yake wucewa ya bar mana fako ya zauna yana nitsewa a hankali. Muka yi shuka a gefen ramukan. Noman fari da ciki rabi muka yi shi, maimai ma haka, amma wannan karon muna ganin abin da muke wa wahala. Wurin da tun zamanin kakana ko ciyawa ba ta fitowa ya yi gero har ya fi ni tsawo. Da aka fara gasa tumu, na zauna a bakin gona ina murzawa ina watsawa a baki, na ce a raina Allah ya rufa mana asiri, har da Nomau zai huce in ya ga albarkar da gonarsa ta yi. Ƙuruciya ke nan.

Muka yi girbi, muka yi ɗauri. Baba ya zaga ya zaga ya zaɓi damin da ya fi kowanne, zangarniya dogaye masu cikar ido. Na ce ya bari in ɗaukar masa, ya ce tun yaushe. Na taya shi ya ɗora a ka, na bi shi a baya har ƙofar Nomau. Ya yi sallama. Babban ɗan gidan ne ya fito, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya saba.

"Baba ya ce a gode. Ya ce bana ku riƙe abinku."

"Ka ce mishi Tanko ne."

"Ya sani, Baba."

Baba ya tsaya da damin a kansa. Yaron yana durƙushe, idonsa a ƙasa. Na ji motsi a cikin zauren, na kuma ji tarin da na sani tun ina ƙarami, amma ba wanda ya fito. Na miƙa hannu zan sauke masa, ya kauce. Ya juya, ya bi ta tsakiyar gari da shi, ta gaban masallaci, ta gaban masu saƙar tabarma, ta bakin rijiya inda mata suka daina ja suna kallo. Ba wanda ya tambaye shi, don ba wanda bai gane ba. A garinmu ba a taɓa ganin damin aro ya dawo gida ba sai ranar.

Zaman da aka yi a gaban maigari bai kai tsawon shan fura ba.

"Tanko, kai ka dasa?"

"Ni na dasa."

"Ka san gonar aro ce?"

"Na sani."

"To mi kake so in ce?"

Ni ne na kasa haƙuri. Na ce ai jami'in gwamnati da bakinsa ya ce wanda ke noma shi ne mai gona, kowa a nan ya ji. Maigari ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce, "Ina shi? Kirawo shi." Ina kuwa zan gan shi? Tun da ruwa ya yanke hanya farar motar ba ta sake zuwa ba. Daga baya muka ji wai kuɗin furoje sun ƙare, saurayin an mayar da shi wani gari. Awon da aka ce ba zai tsaya ba muddin itatuwa suna raye ya tsaya, itatuwan kuwa suna nan kore shar. Aka ce mu kwashe karanmu, gona ta koma hannun masu ita.

Wata gonar da Baba ya ce ana samu, ba a samu ba. Duk mai ƙasa a yankin ya ji labari, kowa ya kama tasa da hannu biyu. Muka koma ƙwadago a gonakin mutane, a biya mu da tiya. Baba ya koma tufkar igiya a zaure. Bai sake bin hanyar yamma da gari ba, ko jana'iza ce sai ya zaga. Bai yi ciwo mai tsawo ba, ya dai yi ta raguwa. Ya rasu kafin dakwarar ta fara fitar da ƙaro. Nomau ne a sahun gaba, ya yi kukan da sai da aka riƙe shi. Na daɗe ina jin haushinsa. Yanzu da na tsufa na rasa wanda zan ji wa haushi. Nomau 'ya'yansa ya duba, Baba jikarsa ya duba, saurayin nan mai kaki kuwa har ya mutu ba zai san abin da bakinsa ya yi ba.

Daga cirani zuwa cirani na tsinci kaina a nan. Da aka tambaye ni aikin da na iya, na ce na iya raya itace inda babu ruwa. Suka yi dariya, suka miƙa mini tiyo. Ruwan da nake zubawa gindin itace ɗaya a nan, da Rabi ta samu rabinsa da wuyanta bai riƙe ba. Wani lokaci ya cika ya malala kan kwalta ya bi rariya, in tsaya ina kallo, ba wanda ya damu. Zulai tana nan da ranta, 'ya'yanta har sun fara tasawa. In na ji muryarta a waya nakan ce Baba bai yi asara ba. In na kashe wayar kuma sai in tuna ba ni da inda zan kafa ƙafa.

Jiyan nan, da rana ta take muka fake a inuwar wayit. Yasir ya miƙo mini ruwan sanyi. Sai wayata ta yi ƙara, saƙon murya daga Haruna. Na buɗe, muka saurara tare.

"Yaya, ina wuni, ya aiki. To na je. Jikan nan na Nomau babba shi na samu, kuma wallahi ya karɓe ni da mutunci. Har gonar ya kai ni. Yaya, da ka gani ba ka gane ta. Dakwarar nan ta zama kurmi, ta haifi wasu, in ka shiga ba ka ganin rana. To amma ga yadda ake ciki. Gwamnati ta kawo wani sabon tsari. Sun zo da na'ura sun ƙirga itatuwa, duk shekara ana biyan mai gona a kan kowane itacen da ke tsaye, ban da kuɗin ƙaro. Ya ce saboda haka maganar sayarwa babu ita. Aro ma babu, ko taki ɗaya. Yanzu duk yankin ba mai ba da aron gona mai itace, waɗanda ke hannun mutane ma karɓewa ake yi. Ya ce in gaishe ka, in ce sun gode, hannunku ya yi albarka."

Haruna ya ja numfashi, sannan ya ci gaba.

"Sai kuma ya ce in gaya maka, in ba za ka ji haushi ba. Wai mata suna shiga suna sarar rassa, kuma in itace ya mutu ana rage musu kuɗi. Suna neman mai gadi. Ya ce in ka dawo, ai ba wanda ya kai ka sanin itatuwan."

Saƙon ya ƙare. Yasir ya daki kafaɗata yana murna.

"Mabruk ya ammi! Ka ga? Ba ka koma ba ma ka samu shugul. Alhamdu lillah, halas, babu damuwa."

Na ce masa alhamdu lillah. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma wannan ba Hausar da Yasir zai gane ba ce. Sau biyu ke nan itatuwan nan suna kora ta daga gonar, da suna ƙanana da kuma da suka girma. Kuma na san matan da ke sarar rassan. Babu sauran daji kusa da garinmu sai nan. Ɗaya daga cikinsu wuyanta ba ya juyawa.

Da rana ta ɗan karkata na koma shataletalen. Na yaga ledar, na sa dashen a rami, na mayar da ƙasa na danna da diddige yadda Baba ya koya mini, na yi masa ɗan baki don ruwa ya zauna. Na yi na biyu, na yi na uku. Iƙamata saura 'yan watanni, kuma tsoho ba ya cin girman kai. Na goge hannu a riga na ciro wayar na danna.

"Haruna, na ji saƙo. Ka ce musu na gode, ina zuwa."

Yatsana yana kan wayar, motoci suna ta wucewa. Sannan na ƙara.

"Kar ka gaya wa Rabi ko gadin mene ne."